Tsamiya Mai Uba Biyu

Sai da muka kwana biyu a Gamboru muna jiran a buɗe gada kafin na yi wa Alhaji Usaini maganar farko, ita ma ba ta arziki ba. Ya ɗauki butata zai yi alwala, na ce masa, "Ajiye." Ya ajiye.

Tun daga Potiskum muke mota ɗaya, kujera ɗaya, kafaɗarsa na gugar tawa har Maiduguri. Daga nan muka bi ayarin motocin da sojoji ke rakawa zuwa bakin iyaka. In ya yi tari sai in mai da fuskata taga. In ya miƙo mini goro sai in yi kamar ina barci.

Wanda bai san mu ba zai ɗauka tsofaffi biyu ne 'yan gari ɗaya za su ziyara. Ni dillalin shanu ne, a kasuwar shanun Potiskum na yi furfura. Neman dabbobi ya kai ni Chadi da Kamaru da Sudan har Bangi, a hanya kuma na tsinci Kanuri da Fillanci da Larabcin Shuwa, da ɗan Faransancin da ke fitar da mutum daga hannun masu kaki. Usaini kuwa a ƙauyen Danchuwa muka tashi tare, yana bina yana ce mini Yaya Sale, kafin ni in koma unguwar Yerimaram a Potiskum da zama. Bai taɓa wuce Kano ba sai da jirgi ya kai shi Makka. Hausa kaɗai yake ji, sai Turancin ofis. Ya yi kansila sau biyu a jam'iyyar da ba tamu ba, sunan kuma ya bi shi har yau: Kansila.

Abin da ke tsakanina da shi yayana ne, Malam Idi.

Yaya Idi manomi ne. Tun kafin rediyo ta fara maganar sauyin yanayi ya lura iska ta canja hali, damina kuma ta koma zuwa a makare, ta zubo gaba ɗaya ta kwashe ƙasar gona. Sai ya fara dasa itatuwa a gabashin gonarsa, a bakin hanya: dogon yaro, gawo, ƙirya, tsamiya. Da rani da tulu yake shayar da su, daga rijiyar da ke can bayan gari. Ya fi shekara ashirin yana wannan aiki, har suka zama layi mai duhun inuwa, matafiya na sauke kaya su huta. Sai jam'iyyar su Usaini ta ci zaɓe. Ba a yi wata uku ba aka zo da injin yanka katako, wai za a faɗaɗa hanya. Usaini ne ya tsaya a kan aikin, hula a karkace. Yini biyu aka yi. Itacen ya tafi gidajen burodi, hanya kuwa har yau tana nan yadda take. Damina biyu bayan haka ruwa ya tsaga gonar ya yi kwari a tsakiyarta. Yaya Idi bai kai ƙara ba, bai zagi kowa ba. Ya dai daina fita, ya daina cin abinci sosai, har ya kwanta. Ranar jana'izarsa na ga Usaini a sahu na biyu yana shafa addu'a.

Haka nake ba da labarin a kasuwa. Akwai wani yanki da ba na faɗa, zan zo gare shi.

Shekarun nan ruwa ya ci gidaje a garinmu, rani kuma ya yi tsanani har shanu na durƙushewa a kasuwa kafin a gama ciniki. Wata ƙungiya mai taimakon manoma ta ce za ta kafa mana gandun renon itatuwa, amma da sharaɗi. Ta bincika ta ga sau biyu ana dashe a yankinmu, sau biyu kuma in mulki ya canja hannu sai sababbi su bar shi ya bushe don ba nasu ba ne. Saboda haka ta ce kowace jam'iyya ta ba da mutum ɗaya, su tafi tare wani ƙauye a ƙasar Kanem, cikin Chadi, inda mutane suka tsayar da rairayi da hannunsu. Su koyo, su dawo su sa hannu tare. Jam'iyyarmu ta zaɓe ni saboda harsuna. Da na ji wanda ɗaya ɓangaren ya zaɓa sai na ce na yarda, tun kafin a gama tambayata.

Gandun bai dame ni ba. Abin da nake so shi ne in kai Usaini inda ba ya jin magana, in tsayar da shi a gaban mutanen da ke ɗaukar itace kamar ɗa, in faɗa musu abin da ya yi. Su koro shi, labari ya riga shi isa Potiskum, ya dawo ya kasa shiga masallacin unguwarsu.

Bayan mun tsallaka Fotokol, a wani shinge a hanyar Kusuri, wani mai kaki ya leƙo motar ya ga babbar rigar Usaini mai aiki har ciki. Ya ce masa da Faransanci ya sauko. Na san abin da ake so, kuma na san kalma biyun da ke kashe maganar. Na ci gaba da zamana a mota.

Usaini ya tsaya a rana yana juya takardunsa. Ya waiwayo.

"Alhaji, me yake nema ne?"

"Yi masa Turancinka na ofis mana, Kansila. Ba da shi kuke faɗaɗa hanya ba?"

Ya yi Turancin. Mai kakin ya koma inuwa ya zauna ya ƙyale shi. Na bar shi har gumi ya jiƙa wuyan rigar, fasinjoji suka fara gunaguni, sannan na sauka na yi magana aka sake mu. Direban, wani Bafillace, ya dube ni ta madubi ya tambaye ni da Fillanci ko mutumin nan ba ɗan'uwana ba ne. Na ce masa ɗan garinmu ne kawai.

Injamena na san ta tun ina saurayi. Lokacin da na fara tsallaka kogin nan a kwale-kwale, in kana wannan gaɓar mutumin da ke waccan gaɓar kamar kaza kake ganinsa. Yanzu da muka hau gada na leƙa, tsibiran yashi ne a tsakiya, mata na shanya wanki a kai. Haka na ga kogunan Sudan sun yi, haka na ga na Arewacin Kamaru. Bambancin da na lura da shi ɗaya ne. A wasu wuraren in ruwa ya ja baya mutane kan zauna su yi shawarar abin yi. Mu a wurinmu sai mu tambayi a mulkin wa ya ja.

A tashar motocin arewa abin ya faru. Muna tsaye muna jiran a-kori-kurar da za ta kai mu Masakori, sai na ji mutum biyu a bayana suna magana da Larabci ƙasa-ƙasa. Ɗaya ya ce, "Mai babbar rigar baƙo ne, ba ya ji." Ɗayan ya ce, "Ce masa za ka ɗora a sama." Na ji su sarai. Na gyara riƙon jakata na juya baya.

Mutumin ya zo da fara'a, ya nuna jakar Usaini ya nuna saman mota. Usaini ya miƙa masa har da godiya. Da aka zo tashi ya zagaya motar sau uku.

"Alhaji, jakata. Ka ga wanda na ba?"

"Ni aka ba ajiyarta?"

Ya zauna a bakin taya ya dafe kai. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ji daɗin da ban ji irinsa ba tun bayan da muka binne Yaya Idi. Sai da muka yi nisa, kwalta ta fara ƙarewa, ya ce a hankali kamar mai magana da kansa, "Maganin hawan jinina na ciki. Da takardar da ƙungiya ta ba mu mu kai wa mai garin."

Maganin bai taɓa ni ba. Takardar ce ta dame ni, don ita ce za ta shigar da mu wurin da nake so in kai shi.

Daga Masakori zuwa gaba ba hanya, sai sawun motocin da suka riga ka. Bazara ce, iskar da ke dukan fuska kamar daga bakin tanda take fitowa. Muna bayan mota a kan buhunan gero, mu da wasu mata da awaki uku. Ranar Laraba ce, ranar kasuwarmu. Na rufe ido na ji kukan shanu da hayaniyar masu lodi, na ji ƙanshin burabuskon da maiɗakina ke ajiye mini in na dawo. Na tambayi kaina me ya fito da tsoho irina cikin wannan wuta, na buɗe ido na ga ƙeyar Usaini, na tuna.

Wajen azahar motar ta nutse a yashi har gindi. Aka ce kowa ya sauka a tura. Usaini ya sa kafaɗa sau biyu, a na uku ya zame ya faɗi rub da ciki. Muka juya shi. Idonsa ya yi ja, leɓensa ya bushe, yana ta lalube da hannu.

"Inuwa," ya ce. "Ku kai ni inuwa. Ko ɗaya babu?"

Na ɗaga kai na duba gabas da yamma. Iyakar ganina yashi ne, ko ƙaya babu. Na durƙusa kusa da kunnensa.

"Kansila, nan an gama faɗaɗa hanya."

Wata tsohuwa cikin matan, daga mutanen da ke kiwon raƙuma, ta ture ni gefe. Ta kwance salkarta ta jiƙa gefen mayafinta ta ɗora masa a goshi, ta ɗiga masa ruwa a baki kaɗan-kaɗan. Sannan ta dube ni ta ce da Larabci, "Kai da ke da riga, tsayuwa za ka yi kana kallo?" Na tuɓe rigata na ware ta a kansa da hannu biyu. Haka na tsaya ina yi wa mutumin da ya sare itatuwan yayana inuwa, har hannuwana suka mutu, har aka tono motar. Kada wani ya ce tausayi ne. Ban ɗauko shi daga Potiskum don ya mutu a inda ba mai gani ba. Tsohuwar ta sauka a wata rijiya kafin magariba, ta bar masa dabino cikin ƙullin tsumma. Ko sunanta ba mu tambaya ba.

A garin Mawo wani mai kantin magani ya auna shi ya ba shi ƙwayoyi, muka huta kwana biyu, sannan muka hau raƙuma zuwa ƙauyen.

Na ga garuruwa da yawa, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Kana tafe cikin tuddan yashi sai kawai ƙasa ta buɗe, ka ga kwari kore shar a ƙasa, da dabino da gonakin albasa. Tuddan da ke kewaye da shi duk an yanka su gida-gida da shingen ganyen dabino, kamar zanen dara, cikin kowane gida akwai itace, wani ya kai mutum, wani ya wuce. Da hantsi muka iso, muka tarar da mutane na hawa tudu da ruwa. Abin da ya tsayar da idona shi ne ba mai ɗauka shi kaɗai. Sanda ce doguwa, jarka a rataye a tsakiya, mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya.

Mai garin, Bulama Abakar, dattijo ne siriri mai ido ɗaya. Harshensu ɗan'uwan Kanuri ne, in na kasa kunne ina ji, in na yi magana a hankali suna ji. Na ba shi haƙuri a kan takardar. Ya ce ba komai, dama bai iya karatun boko ba, an dai aiko masa cewa baƙi biyu na tafe daga Najeriya. Aka shimfiɗa tabarmi, dattawa suka taru, aka kawo shayi.

Na tambaye shi maganar sandar. Ya ce garin nan gida biyu ne tun kakanni, ba sa ga maciji. Da siyasa ta zo kowane gida ya kama jam'iyyarsa. In wannan ɓangare ya kafa shinge, wancan ya saki awaki a kai. Suna wannan rairayi ya cinye masallacinsu na farko da rijiya biyu. Sai mahaifinsa ya kafa doka: ba mai dasa itace shi kaɗai. Kowane itace uba biyu gare shi, ɗaya daga nan ɗaya daga can. Sanda ɗaya za su ɗauki ruwansa da ita, kuma ba za su rabu da sandar ba sai ranar da inuwarsa ta rufe su duka biyu suna zaune da tsakar rana. In itacen ya mutu su sake daga farko. In ɗayansu ya mutu ɗansa ya karɓi gefensa. In kuwa akwai zalunci a tsakaninsu, wanda aka zalunta shi ke zaɓen irin da za a dasa.

"Ranar zaɓe fa?" na tambaya.

"Su kai ruwa da safe, sannan kowa ya je ya jefa wa nasa."

Ya kurɓi shayi ya ce tunda ba takardar da za ta gaya masa ko mu su wane ne, zai yi mana tambayar da suke yi wa duk wanda zai taɓa aikinsu. A cikinmu akwai wanda ya taɓa sare ɗanyen itacen wani?

Shekara da shekaru ina jiran wannan tambaya ba tare da na san da wane harshe za ta zo ba. Na gyara zama. Na ba su labarin Yaya Idi tun daga tulu har injin, har kwarin da ya tsaga gona, har likkafani. Ban rage komai ba, na nuna Usaini da yatsa. Dattawan suka ajiye kofunansu. Wani da ke kusa da shi ya janye gefen rigarsa daga tabarmar.

Usaini ba ya jin ko kalma ɗaya, amma ya ji "Idi", ya ji "Danchuwa", ya ga yatsana. Ya jira na gama.

"Ka faɗa musu duka, Alhaji?"

"Duka."

"Har da fentin?"

Bulama ya dube ni da idonsa ɗaya. "Me ya ce?"

A nan zan iya cewa haƙuri yake bayarwa, ba wanda zai sani. Amma shekara arba'in ina tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa da ba sa jin harshen juna. Na sha yin shiru a kan abin da na sani, ban taɓa juya maganar wani a bakina ba. Ranar da dillali ya yi haka ya gama. Na faɗa masa abin da Usaini ya ce, ya ce to a ba shi labarin fentin.

Ga yankin da ba na faɗa a kasuwa. Ana saura mako biyu wancan zaɓen, ɗan takararmu zai bi ta hanyar Danchuwa. Ni na sayo fenti ruwan ɗorawa, launin jam'iyyarmu, na kawo mutane muka shafe gindin itatuwan Yaya Idi tun daga ƙasa har ƙirji, duk layin. Ya fito yana cewa, "Sale, itace ba shi da katin jam'iyya, ku bar mini su." Na ce masa, "Yaya, fenti ne kawai, ruwan farko zai wanke." Fentin mai ne. Ruwa bai wanke ba.

Da bakina na fassara wannan. Sannan Usaini ya ƙara abin da ban taɓa sani ba, shi ma sai da na mai da shi Kanuri kalma bayan kalma.

"Da muka ci zaɓe, manyanmu in sun bi hanyar sai su ga launinku, suka ce a cire. Na je wurin Malam Idi na ce ya kankare kafin su dawo. Kwana uku yana kankara da wuƙa, har yatsunsa suka fashe. Bai fita ba. Lokacin kana Sudan sayen shanu." Sannan ya ce, "Amma ni na kawo injin. An ce in yi, da na ƙi da ba a kashe ni ba. Kuma kuɗin itacen na ci. Wannan ma ka faɗa musu."

Na faɗa musu.

Ba su kore shi ba. Dattawan suka yi magana a tsakaninsu, sannan Bulama ya ce wanda aka zalunta ya riga ya rasu, a cikinmu kuma ɗaya ya shafa fenti ɗaya ya sare. Za su koya mana aikinsu in mun yarda mu ɗauki sanda a gonar mamacin in mun koma. Ni ne magajinsa, ni zan zaɓi iri. Aka kawo faifai da ƙulle-ƙullen iri a kai. Ya nuna mini zogale, ya nuna dogon yaro, ya ce waɗannan ba sa ɓata lokaci, tsofaffi irinmu su suke ɗauka.

Na dubi faifan, na dubi Usaini. Kunyar da na zo in ba shi ta yini ɗaya ce, ta kuma kuɓuce mini, rabinta ma a kaina ta faɗo. Na sa hannu na ɗauki ƙwallon tsamiya.

Wani tsoho ya fashe da dariya har da tari. Bulama ya ce, "Baƙo, ka san shekarunka kuwa?"

"Na san nasa. Na girme shi da takwas."

Usaini ya ga abin da ke tafina, bai buƙaci fassara ba.

"Tsamiya, Yaya Sale? Tsamiyar da sai jikoki?"

"Ni ba yayanka ba ne. Ka yarda, ko mu koma hannu wofi ka yi wa jam'iyyarka bayanin yadda gandu ya suɓuce?"

Ya ce, "Na yarda."

Mako uku muka yi a garin. Muka koyi kafa shinge ta inda iska ke fitowa, da haƙa rami mai siffar jinjirin wata don ya tare ruwan sama, da yadda ake barin kututture ya sake toho maimakon a tumɓuke shi. Kullum da safe ake ba mu sanda mu hau tudu. Ranar da za mu tafi Bulama ya ba mu ita, ta itacen aduwa ce, kafaɗu sun goge ta har tana sheƙi. A kowane shinge a hanyar dawowa sai an tambaye mu ta mece ce.

An sa hannu a Potiskum, an kafa gandun. Dokar uba biyu ita muka kawo, kuma ita aka bi, duk da surutun da aka sha a ɓangarorin biyu. An sake zaɓe tun daga nan, mulki ya canja hannu, dashen yana nan da ransa. Mutane na yaba mana, wai mun nuna dattaku. Har an kira mu a yi hira da mu a rediyo, na ce ba ni da lafiya.

Tamu tsamiyar muka dasa a gabashin gonar Yaya Idi, kusa da wani tsohon kututture. A gindinsa, in ka share ƙasa, har yanzu akwai ɗan ruwan ɗorawa a cikin tsagar ɓawo, da sawun wuƙa a gefensa. Ni na zaɓi wurin. Ban san ko don shi na zaɓa ko don kaina ba.

Da rani, kwana ɗaya bayan ɗaya, nakan hau keke napep daga Yerimaram bayan sallar asuba. Ina tarar da shi a bakin rijiya ya riga ya cika jarka. Shi nake sawa a gaba, don duk mai wucewa ya fara ganin fuskar Kansila da sanda a kafaɗa. In mun ɗaga sai in tura igiyar jarkar ta zame wajensa kamar taki ɗaya. Ya sani. Sau ɗaya ya taɓa cewa, ba tare da ya waiwayo ba, "Alhaji, sandar nan kullum gefena take ƙara nauyi." Na ce masa tsufa ne.

Damina uku ke nan, tsamiyar ta kawo mini ƙugu. Rannan mun makara har rana ta take, Usaini ya tuɓe takalminsa ɗaya ya ajiye a gindinta, inuwar ta rufe shi daidai.

"Ka gani," ya ce, "ta rufe takalmi."

"Saura ɗayan. Saura kai, saura ni."

Ban yafe masa ba, kuma bai roƙa ba. Amma in ya yi tari yanzu ina juyowa in dube shi, in tambaye shi ko ya sha maganinsa. A duk Potiskum ba wanda ke roƙa wa Alhaji Usaini lafiya da tsawon rai kamar ni.